Gashin Marainiya

A bayan masana'antarmu, a gefen Nyíregyháza,
akwai filin da ba mai shi sai iska.
Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa motar ɗaga kaya,
ina wuce shi safe da yamma,
ko kallon da ake yi wa karen maƙwabta ban taɓa yi masa ba.
Ɓaraguzan siminti, tsohuwar taya,
da farin yashin da katafila ta juyo cikinsa waje.

Wata kaka sai ga Boglárka da takalmin roba,
ita da ɗalibai uku da tirela.
Na ɗauka taki suka kawo.
Ashe busasshiyar ciyawa ce,
an yanko ta daga makiyayar wani ƙauye
inda garma ba ta taɓa sa baki ba,
irinta na nan maƙale a ka.
Suka shimfiɗa ta a hankali,
kamar masu lulluɓe majinyaci.

Na ce, "Ba ruwa? Ba taki?"
Ta ce, "Dezső, wannan ciyawar 'yar yunwa ce.
Ka ƙosar da ƙasa, baƙi su cinye gidan."

Dusar ƙanƙara ta sauko ta rufe zancen.

Shekarar farko baƙin ne suka fito,
ciyawar nan mai sa atishawa,
har ƙugu, kore shar, ba kunya.
Manaja Szilveszter ya tsaya a taga da kofinsa:
"Na ce a dasa mai laushi, a ja famfo,
ga shi an mai da mana ƙofar gida juji."
Muka yanke. Ta dawo.
Muka sake yankewa, idanunmu jajur.

Boglárka ba ta yi musu da kowa ba.
Takan durƙusa da wani katako mai kusurwa huɗu,
ta aza shi a ƙasa, ta ƙirga abin da ke ciki.
Bakwai. Wata shekarar goma sha biyu.
Ni dai ban ga abin ƙirgawa ba,
'yan tsinkaye ne masu launin toka,
kowanne ya rungumi yashinsa kamar mai tsoron ɓarawo.

Abin da ban gaya mata ba:
nan ubana Ambrus ya yi kiwo,
tun ba kwalta, tun ba shinge,
tumakinsa masu murɗaɗɗen ƙaho,
ni a bayansa da gurasa da kitsen alade a ƙunshi.
A jikin hularsa kullum da wani zare na azurfa,
ciyawar da muke kira gashin marainiya.

Shekara ta huɗu, a watan Mayu,
na fito shan taba wajen ƙarfe shida.
Fara ta yi tsalle. Kurege ya miƙe tsaye ya dube ni
kamar ni ne na shigo masa gida.
Can kusa da bututun hayaƙi
iska ta taje wani abu fari.

Tabar ta ci har ta ƙone min yatsa.

Da Boglárka ta iso ta ce doka ta hana a tsinka.
Na ce na sani.
Ta daɗe tana ɗaure igiyar takalminta,
takalmin da ba shi da igiya.

Ubana na gidan tsofaffi, hawa na biyu.
Ya manta sunana tun bara.
Na sa masa zaren a tafin hannu.
Ya shafa shi, ya kai hanci,
ya laluba kansa yana neman hula.
Sai ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito,
ya kira Füstös, karen da muka binne
shekara arba'in da suka wuce,
ya ce ya tare tumakin, sun yi yamma da yawa.