Taƙi Ɗaya da Rabi

Ɗayyabu ya zo mini bayan la'asar,
ko takalmin aiki bai cire ba.
Ya zauna kan dakalina a Yakasai,
ya ce, "Baba Mamuda, an kawo sababbi Bompai.
Gajeru ne, ba a dafa su a kafaɗa,
amma harsashin manya suke ci.
Tsawo uku ne. Gobe zan sa hannu a kan ɗaya.
Wacce?"

Na ce ya dawo ta dama.
Kunnen hagu na baro shi a ɗakin makamai,
shekara ashirin da shida ina ƙirga bindigogi,
safe su fita, dare su dawo,
ina shinshina bakin kowacce
in ji wadda ta yi magana a waje.

Na buɗa hannu a kan cinyata.
Taƙi ɗaya.
Wannan ita samari ke so.
Tana fita mota kafin kai ka fita,
tana juyawa a lungun Mandawari
inda mai kura da mai babur
sai ɗaya ya nemi gafarar ɗaya.
Gajere ba yaro ba ne, na sani.
Amma harsashi babba tirela ce da kaya,
sai ta sami titi take ɗaukar gudu.
Ka ba ta tsakar gida,
albarushi bai gama ci ba an kore shi waje,
sai ya ƙarasa a fuskarka:
wuta kamar ta mai walda,
ƙara kamar an saki ƙofar kanti a cikin kwanyarka.
Da dare ka harba sau ɗaya,
ka sanar da unguwa inda kake,
kai kuwa ka daina gani.

Taƙi biyu.
Wannan tana da natsuwa,
tana kai saƙo inda aka aike ta,
ba ta fizgar hannu kamar akuyar da aka sayo yau.
Sai dai tana kama ƙyaure,
tana kama rigar wanda ke gabanka,
ta riga ka leƙa kwana.
Dogo da hankali, ka san sauran zancen.

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Na ce, akwai wani gida bayan marinar Ƙofar Mata.
Ba ni na harba ba, ni dai na ba da bindigar,
na rubuta lambarta da hannuna.
Wanda aka bi ya tsere ta kwata.
Harsashin bai tsaya tambaya ba,
ya huda katangar ƙasa kamar ana huda waina,
ya fasa randa.
Uwani tana duƙe a gefenta tana wanke gero.
Da na je ban haƙuri,
ba ta ce mini komai ba,
ta miƙo mini kasko ɗaya na randar,
har yau yana cikin akwatina
tare da takardar fansho.

To ka auna, Ɗayyabu.
Ba bututun kaɗai ba.
Auna kaurin bangon mutane,
auna nisan da idonka ke rantsuwa a kai,
auna daren da za ka kwana bayan nan.
Ƙarfe ko an rage masa tsawo
ba a rage masa laifi.

Aka kira magariba a masallacin Jalli.
Ya miƙe, ya buɗa hannunsa a iska,
taƙi ɗaya, ya ƙara rabi,
ya tsaya yana kallon yatsunsa
kamar yau aka ba shi su.

Ya faɗi wadda ya zaɓa yana tafiya.
Ta hagu ya faɗa.
Na ɗauki butata.