Wanda Ya Zauna a Da'ira

Ƙarfe biyun dare a Ulanbata.
A waje sanyi na daskarar da numfashi tun bai bar baki ba,
mu biyar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, bayan shagon taliya,
kujera ɗaya gurguwa ce, kuma kullum Tuguldur ke samunta.

Ni ce mai kira. Sunana Sarnai.
Da rana ina ƙirga ƙwayoyi a kantin magani,
da dare ina ƙirga daƙiƙu.

Tun ba mu shiga ba na gaya musu:
wasan nan ba a cinsa da yawan gawa.
Akwai da'ira a tsakar tashar jirgin ƙasa,
wanda ya daɗe a cikinta shi ke da nasara,
ko da bindigarsa ba ta yi tari ba.

Ganzorig ya yi dariya. Yaron akwai hannu.
Sha tara ya zubar a zagayen farko,
can bayan taragu, inda babu mai nemansa,
mu kuwa aka share mu daga da'ira kamar ɓawon gyaɗa.
Allo ya ɗora sunansa a sama,
ya rubuta mana: kun faɗi.

Na zare abin kunnena, na juyo da kujera.

Kada ku riƙa shiga ɗai-ɗai kamar ɗigon famfo.
Wanda ya mutu ya dawo, ya jira ɗan'uwansa a bakin ƙofa,
jiran daƙiƙa takwas bai taɓa kashe kowa ba,
gaggawa ce ta binne mu sau uku.
In Oyuna za ta leƙa kwana, wani ya tsaya a kafaɗarta,
in ta faɗi, a rama kafin mai harbin ya ɗura sabon harsashi.
Gurnetin hayaƙi ba turare ba ne, Temulen,
jefa shi a idon maharbin da ke kan gada.
Abin da ka gani kuma, faɗe shi gajere:
biyu, hagu, matakala.
Ban da "ga su nan, ga su nan!"
Nan ina?

Zagayen ƙarshe, minti ɗaya da rabi.
Na ce wa Ganzorig: bi dama, ka yi ta ɓarin wuta,
ka bari su gan ka.
Ya ce: ai kashe ni za su yi.
Na ce: na sani.

Ya yi shiru. Na ji yana haɗiyar yawu a kunnena.
Sannan ya tafi.

Uku suka bi shi, kamar kaji sun ga tsaba.
Hayaƙi ya rufe gada.
Muka kutsa ta hagu a dunƙule, ni da Oyuna da Temulen,
takun ƙafarsu muke saurare fiye da bugun zuciyarmu.
Tuguldur kuwa, direban bas, ɗan shekara arba'in da ɗaya,
mai hannun da ke makara kamar albashi,
ya rarrafa cikin da'ira, ya laɓe bayan akwatin katako,
ya zauna.

An ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.
Wanda ya faɗa bai ga Tuguldur ba.

Oyuna ta faɗi, Temulen ya rama.
Ni ma na faɗi, ina kallo ta idon mai rai,
goma, tara,
harsashi na cin gefen akwati,
huɗu,
kujerar gurguwa na ƙara,
ɗaya.

A allo, Ganzorig na da uku kacal,
Tuguldur ba shi da ko guda.
Yaron ya daɗe yana duban lambar nan.
Ya tashi, ya hau sama,
ya dawo da kofi biyar na shayin madara mai gishiri,
ya fara ajiye wa dattijon.

Tuguldur ya kurɓa sau biyu, ya duba agogo,
ya ja hular gashinsa har kunne.
Motar farko biyar da rabi take tashi,
kuma sai an ɗumama inji.