Daƙiƙa Huɗu

A Garwa, kusa da gadar Binuwai,
tun masunta ba su janye koma ba,
Baba Saliya ya durƙusa gaban tayarmu
yana karanta shekarunta da ɗan yatsa
kamar mai duba haƙoran sa a kara.

"Ajin ɗari da ashirin," in ji shi.
Yayana Hamajoda ya haɗe gira:
"Injin nan na cin ɗari biyu ko tari ba ya yi."
"Injin na ji shi. Kai ne ban ji ba tukuna.
Sabon shiga daga ƙasa yake farawa.
Allura ta haye ɗari da arba'in ko sau ɗaya,
da hannuna zan soke sunanka."

Ya ja ɗamarar kujera har numfashina ya tsaya,
ya ƙwanƙwasa hular kwano,
ya girgiza tulun kashe gobara kusa da kunnensa,
ya zaro sifana daga ƙarƙashin ƙafata:
"Abin da ba a ɗaure ba,
ranar da mota ta kifa, harsashi ne."

Ni ne mai agogo.
Kilomita casa'in zuwa Figil,
minti arba'in da biyar cif,
ba ƙari, ba ragi.
A wannan aji ba wanda ya riga isa ke ci ba,
sai wanda ya isa a lokacin da ya ce zai isa.

Jandarma sun tare hanya tun asuba.
A Fitowa makiyaya na riƙe da shanu bayan igiya,
yara a kan tsibin auduga suna ihun da ba mu ji.
Dutsen Tingilin ya bi mu kaɗan, ya gaji.

"Sassauta," na ce. "Muna gaba da daƙiƙa ashirin."
Ƙafarsa ta ƙi.
Na san ƙafar nan tun muna satar keken Kawu.
"Hamma, sassauta."

Sai a wata kwana, ga jar motar ajin sama
ta bar kwalta, ta rungumi gawo,
ƙarfen kejinta kaɗai bai lanƙwashe ba.
Direban na tsaye a gefe, hula a kansa,
ya ɗaga hannu: lafiya lau, ku wuce.
Doka ta ce kada ka tsaya sai an ɗaga jar tuta,
kada ka juya baya ko uwarka ce ta kira.
Muka wuce.
Ban sake cewa komai ba,
allura da kanta ta sauko.

A Figil farar ƙasar siminti ta rufe mana gilashi.
Muka yi latti da daƙiƙa huɗu.
Wadda ta ci, Madam Dudu ce,
akawun kamfanin auduga,
cikin tsohuwar Fijo mai ƙofa ɗaya baƙa.
Rabin daƙiƙa ta kuskure,
kuma tana ta mita a kansa.

Hamajoda ya daɗe bai kwance ɗamara ba.
Da Baba Saliya ya leƙo ta taga
da kofin shayi a hannu, ya ce, "Baɗi, ajin gaba?"
Yayana ya dubi hannuwansa a kan sitiyari,
suna rawa har yanzu.
"Bar ni a nan," ya ce.
"Akwai daƙiƙa huɗun da nake bin hanyar nan bashi."