Dankalin Fortunata

Dankalin da ake jingina wa Turawa,
nan bakin tafkin Titikaka ne gidan ubansa.

Fortunata ta ce wa jikanta Isidro:
"Kar ka tona sai ganye ya bushe ya kwanta.
Manya na tukunya, matsakaita na iri.
Ƙananan nan masu ɗaci, baza su a fili,
dare uku, sanyi ya mai da su tsakuwa.
Hantsi ya yi, tuɓe takalmi, taka,
har ruwa ya tsiyaye, ɓawo ya saluɓe.
Sauran aikin na rana ne."

Yaro na takawa yana yarfe ƙafa.
Ta ɗauko wani baƙi, sakayau kamar gawayi:
"Wannan tsaranka ne, shekararku tara.
Shi za mu jiƙa yau, mu yi miya."