Kwali Bakwai

Jami'ar ta aiko da takarda, shafi biyu:
abin da za a zo da shi, da abin da aka hana.
Ban da kyandir. Ban da risho. Ban da buga ƙusa a bango.
Na karanta sau uku a tsaye a kicin,
shayina ya huce ban sani ba.

Ashe katifar can ta fi ta gida tsawo,
zannuwan gadonmu duk ba za su kai ba.
Shekara goma sha takwas ina yi wa Linnea shimfiɗa,
yau takarda ce ke gaya mini awon barcinta.

Ubanta, Gunnar, ba ma'abocin magana ba ne.
Ya ɗauki igiyar awo ya fita,
ya auna bayan mota, ya rubuta a tafin hannunsa,
ya dawo, ya sake fita ya auna,
sai ka ce motar za ta ji kunyarsa ta ƙara faɗi.
"Kwali bakwai," ya ce. "Ko allura ba za a ƙara ba."

Na farko ya cinye tawul da silifas na wanka.
Na biyu, fitilar karatu da soket mai baki shida.
Na uku na ɗura masa magani,
na tari, na ƙuna, na ciwon kai, na ciwon da ba a san sunansa ba.
Ta leƙa ta ce, "Mama, karatu za ni, ba yaƙi ba."
Na ce to.
Da ta juya na ƙara bandeji biyu a ƙasa.

Abokiyar ɗakinta wata Itzel ce daga El Paso.
Ba su taɓa haɗuwa ba, amma sun raba duniya ta waya:
firiji na Itzel, darduma ta Linnea.
An ce yarinyar ba ta san sanyi irin namu ba,
sai na cusa safar hannu ta biyu
saboda 'yar wata da ita ma, na sani,
tana can tsugune gaban kwali.

Nils kuwa, ba a tafi ba ya fara rabon gado:
gadon yake so, da tagar da ke kallon tabki.
Kare ya shige akwati ya naɗe,
mun fitar da shi sau huɗu.

Bargon da kakarta Solveig ta saƙa ya ƙi shiga ko'ina.
Muka zauna kan akwatin mu biyu, zif ya ce bai san zance ba.
Gunnar ya dubi bargon, ya dubi tafin hannunsa,
ya tofa yawu ya goge lissafin.

Da dare jirgin ruwa ya yi kuka a gaɓar Duluth,
kukan da tun tana goye take barci da shi.
Shi ne ban san kwalin da zan sa shi ba.

Awa biyar a hanya. Hawa na huɗu, lif ya lalace.
Ɗaki kamar gidan ashana,
bango fari fat, bai san kowa ba.
Na shimfiɗa zanen, ya kai daidai.
Abin ya ba ni haushi.

Mun dawo mota fayau, tana ƙara a kan kowane rami.
Kwana uku ina neman tsohuwar rigar sanyina,
ruwan toka, mai huda a gwiwar hannu,
wadda ta sha cewa in jefar, tana kunyata ta gaban ƙawaye.
Na zargi kare. Na zargi Gunnar.

Sai ga hoto ya shigo:
yara biyu kan darduma suna cin taliya a kofi,
ɗaya da safar hannu tun Agusta, don tsokana,
ɗaya kuma gwiwar hannunta
tana leƙo ni ta hudar.