Saura Sau Ɗaya

Fam uku da rabi na ba Mista Ogden,
ya zura faifan a kwali mai shuɗin baya,
ya ce gobe kafin sha biyu, in ya wuce akwai tara.
Na ce to. Huddersfield na ta yayyafinta,
irin wanda ba ka sanin ka jiƙe sai ka isa gida.

Daren Juma'a ne, ba ni da aiki a gidan tsofaffi.
Ba ƙararrawa, ba mai kira in juya shi.
Hansatu ta yi wanka tun ban ce ba,
ta cika kwano da gugguru, ta ja bargo har haɓa:
Mama, sa mana.

Na sa.
Kwamfuta ta haɗiye faifan, ta yi gurnani,
ta yi tari, ta yi tsit.
Baƙin allo, sai ɗan farin akwati da rubutu:
ba a yarda a kunna wannan a nan ba.

A nan ina? Ni fa ke biyan hayar ɗakin nan.

Na fitar, na hura masa iska, na goge da bakin zane
daga tsakiya zuwa gefe.
Na ga fuskata a ciki, bakan gizo ya raba ta biyu.
Ko ƙwarzane babu. Na mayar. Na kashe, na kunna.
Na sauko da wata manhaja, ta nemi wata,
waccan ma ta ce ba ta fita sai da ƙanwarta.
Sau ɗaya hoto ya leƙo, kore dabbare-dabbare,
baki na motsi ba murya,
ya daskare kan ɗan kwikwiyo da ƙafa ɗaya a sama.

Na kira Yaya Cindo a Houston, shi ya aiko min na'urar.
Yana tuƙi. Ya ce, ai kariya ce, don ɓarayi aka yi,
masu kwafa su baza a bakin titi.
Na ce, ni da rasit a jaka?
Ya yi dariya: ɓarawo tuni ya gama kallo ya kwanta,
mai biya ce ke tsaye a bakin ƙofa.
Wai sun yanka duniya kashi shida kamar rabon gado,
Amurka ɗaya, ke kina biyu, garinmu na biyar.
Abar tana zaton har yau tana Texas.
Shiga ki gaya mata inda take.

Na shiga. Ga shi ɓaro-ɓaro:
sau biyar aka yarda a sauya yanki.
Saura sau ɗaya.
Inda aka zaɓa, nan za ta zauna har ta mutu.

Yatsana ya tsaya a sama, kamar ƙafar kwikwiyon.

Shekara tara ina cewa na ɗan lokaci ne.
Akwatina na bisa kabad da takardar filin jirgi a hannunsa.
Labulen nan ma na mai gida ne, ban taɓa son launinsa ba.
Abin da Inna ke tambaya duk sallah a waya,
in ce mata layi ba kyau,
yau roba da ƙarfe ke tambayata,
kuma su ba sa jin in sha Allahu.

Na waiga. Hansatu ta yi barci,
baki buɗe, gugguru uku a tafin hannu,
yarinyar da ke mafarki da Turancin mutanen layin nan.

Na danna biyu.

Faifan ya juya lafiya lau, kamar bai taɓa gardama ba.
Na rage murya. Bakwai zan tashe ta, mu gama kafin sha biyu.
Gargaɗi ya fara fitowa, ja wur: kada ka yi sata.
Na danna a wuce, ya ƙi wucewa.
Na zauna na karanta shi har ƙarshe,
ina tauna guggurun da ya huce.