Amsar da Ban Ba Sufeto Ba

Sufeto ya tambaye ni, biro a hannu:
"Mushe Nomau, don me ka tsaya a darasi na sha huɗu
ga wata na biyar yana shirin mutuwa?"
Na yi shiru.
Layin da ya bar mini a takarda bai kai tsawon yatsa ba.
Ga amsar nan, yallaɓai, na rubuto ta da fitilar waya.

Ajina zana ce da itace shida.
Ba mu shiga ba sai da aka yanke gero,
don rufinmu yana tsaye a gonar wani
lokacin da kalandarku ta ce an koma lakwal.
Yara tamanin da bakwai, gwiwa na gugar gwiwa.
In Madam Cima ta yi tambaya a ajin da ke maƙwabtaka,
nawa ne ke amsa mata ta kafar zana.
In akuya ta leƙo, ita ma ɗaliba ce har a tashi.

Famfon unguwarmu a Garin Malam
sai ukun dare yake tari.
Nakan bi layi da jarka biyu,
in idar da barcina a tsaye,
sannan da hantsi a ce in koyar da zagayen ruwa:
yadda yake tashi sama, yadda yake dawowa.
Yara na dubana. Sun san bai dawo ba.

Albashin ɗan kwantaragi baƙo ne mai ɓatan hanya,
ya zo a makare, ya ƙi kwana.
Sunana ya fi fitowa a kayen bashin Ilu mai shago
fiye da ko'ina a duniya.
Wanda ke lissafin kwanon masara a zuci
yaya zai ji yaron da ya ce bai gane ba?

Ka san Mushe Ma'azu?
Duk Damagaram ban ga mai koyar da rabawa kamarsa ba.
Yanzu yana kabu-kabu a bakin Kasuwar Dole,
yana lissafin canji.
Ranar Laraba ya ɗauke ni, ya ƙi karɓar kuɗi,
muka wuce duwatsun Birni ba wanda ya ce uffan.
Da zan sauka ya ce: "Yaron nan Harisu, ya iya gidan bakwai?"

To amma akwai abin da takardarka ba ta tambaya ba.

Wata biyu ke nan da aka kawo mana Madam Barira.
Ba ta zo da siminti ba, ba ta da shi.
Randa ta kafa a gindin bedi, da moɗa,
ta aje kwalin alli inda ba sai an roƙa ba.
Wata safiya ta zauna a bayan ajina, a ƙasa, cikin yara,
ina koya musu ragewa da tsakuwa.
Da aka tashi ta ce: "Dabarar nan taka, ka koya wa sauranmu."
Shekara tara ina cin ƙurar alli,
ranar aka fara gaya mini abin da na yi daidai.

Ban san yadda aka yi ba,
sai ga ni bayan la'asar ina gyaran kaye,
ba wanda ya sa ni.
Darasi shida na ƙarshe duk a wata biyun nan na yi su.
Fasuma, da ba ta taɓa buɗe baki ba,
jiya ta karanta layi guda cur,
ta zauna tana huci kamar ta hau dutse.

Zanar tana nan, bashin Ilu yana nan.
Ma'azu bai dawo ba.
In dole sai ka cika layinka, yallaɓai,
rubuta: malamin yana jin ƙishirwa.
Sauran ka zo da azahar, ba mota,
ka zauna inda ta zauna.
Moɗar tana kan randa.